Mazari Mai Farin Goshi

Wani ne a ƙauyenmu, shekara uku yana bin ƙwaron nan mazari mai farin goshi da kyamara, bai taɓa samun ko fiffikensa ba. Ƙanin matarsa kuwa, Imants, hotunan mazarin da ya ɗauka har sun cika bangon ɗakin karatu na ƙauye. Abin yana ci wa mutumin rai. Kullum aka zauna cin abinci sai Imants ya ce, "Yaya, yau kuma hoton wace ciyawa aka ɗauko mana?"

Rannan ya haɗiye girman kai ya tambaye shi sirrin.

"Ba a bin mazari," in ji Imants. "Tsayawa ake yi ƙyam kamar turke, shi zai zo da kansa. Amma fa kar ka sauka daga kan gadar katakon da ke fadama."

Gogan naka ya riƙe rabin farko, ya watsar da na biyu. Da hantsi ya isa fadama, ya bi gadar katako, ya hango mazarin can bakin wani kududdufi. Sai ya sauka daga gadar, ya taka gansakuka, luƙus-luƙus, ya je ya ƙame.

Takalmi ya shige cikin laka. Bai motsa ba. Gwiwa ta shige. Ya ce a ransa, ai turke ma binne shi ake yi. Da laka ta kai ƙugu sai ya ɗaga kyamarar sama da kansa kar ta jiƙe. Mazarin ya yi shawagi, ya yi shawagi, ya zo ya sauka a kan kyamarar daram!

Sai ga wata tsohuwa, Velta, da bokitinta na tsintar 'ya'yan itace.

"Kai ɗan nan! Kwanta rub da ciki, ka jawo jiki!"

"Shhh, Inna! Zai tashi."

"Wa zai tashi? Kai ne kake tafiya ƙasa!"

"Shekara uku nake jiransa."

"To ɗauki hoton mana!"

"Ta yaya? A kan kyamarar yake zaune!"

Tsohuwa ta yar da bokiti, ta ruga ƙauye tana ihu. Can sai ga Imants a guje da igiya a kafaɗa. Lokacin laka ta kai wa mutumin wuya, hannu biyu a sama, mazari ko gezau. Tsoro ya kama shi sosai, ya ma haƙura da hoton.

"Imants, ɗan'uwana, jefo igiyar!"

Imants ya ja birki. Ya dubi mazarin, ya dubi rana. A hankali ya ajiye igiyar, ya zaro tasa kyamarar, ya durƙusa a kan katako, ya kanne ido ɗaya.

"Imants! Ta kai haɓa!"

"Yi haƙuri, Yaya, ɗan ƙara nutsewa kaɗan. Fuskarka tana ɓata min hoton."