Reshen Farko

"Bishiyar da za ta gagare ni ba a shuka ta ba tukuna," in ji Injiniya, yana dukan ƙirji har ɓawon itace na zubowa daga rigarsa.

Kar sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa, shi ya raɗa wa kansa. Mako biyu ya yi yana shara a wajen masu yankan katako, aka sallame shi, ya dawo cikin masu yin itace da baƙin tabarau irin na masu walda da bakin da ya fi gatarinsa kaifi. Tun daga nan in ka ce masa itace, sai ya ce maka inji.

Ranar suna zaune a bakin daji, inda suke ɗaure dami kafin a kama hanyar gida. Gwaggo, wadda ta fi kowa daɗewa a sana'ar, tana wasa gatarin marigayi mijinta a kan dutse. Dogo kuwa ya yi tagumi a kan kututture, karensa Ƙyale-Su na kwance a gabansa.

"Dogo, wannan damin naka na girki ne ko na sakace?" in ji Gwaggo. "Kwana uku ke nan kana komawa gida da tsinkaye. Faɗi abin da ke cin ka."

"Mangwaron gidanmu ne, Gwaggo. Ya bushe, ya kwanto kan ɗakin Inna. Iska kaɗan sai ki ji yana ƙara. Na yi na yi ta koma ɗakina, ta ce a nan ta haife ni, daga nan za a ɗauki gawarta. Ga ƙafa ba ta takawa, ga hadari ya fara haɗuwa."

"Shi ne kake ta ramewa kai kaɗai kamar ba ka da mutane? Gobe mu zo da gatura da igiya. Daga sama za mu fara, reshe reshe, a ɗaure kowanne a sauko da shi a hankali kar ya taɓa rufi. Kwana biyu mun gama."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kwana biyu! Haba Gwaggo, duniya ta tafi ta bar ku. Surukina yana da zarton inji mai haƙora kamar na kada. Minti goma. Kafin ki tofa yawu a tafin hannu na kwantar da shi."

"Ka taɓa riƙe shi?"

"Ni da inji har gaisawa muke."

Gwaggo ta ci gaba da wasa gatarinta. Dogo dai, mutumin da ya kwana uku yana sauraron bishiya, minti goman nan ya yi masa daɗi a kunne.

Washegari da hantsi sai ga Injiniya a ƙofar gida, da hular kwano ta masu babur, da tabarau, da inji a kafaɗa, yana tafiya kamar zai karɓi gari. Ƙyale-Su ya yi haushi ɗaya, jarumin ya koma bayan Gwaggo.

"A ɗaure wannan abin. Ba tsoro ba ne, inji ne ba ya son gashi."

Dogo ya ɗaure karen a jikin tsanin da ke yashe a gindin katanga.

Injiniya ya ja igiyar inji. Shiru. Ya sake ja. Inji ya yi tari ɗaya ya koma barci. Ya ja, ya ja, har gumi ya cika tabarau.

"Dogo!" Inna ce daga taga. "Wa ke shaƙe akuya a gidana?"

"Inji ne, Inna."

"To a ba shi ruwa."

Sai da Gwaggo ta miƙa yatsa ta danna wani jan abu a gefe sannan inji ya tashi da ihu.

"Da ma yanzu zan danna," in ji Injiniya.

Ya kafa wa mangwaro zarto. Hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika gida, kaji suka haye katanga. Da ya janye, sai ga jikin bishiya ya yi sumul yana sheƙi, ko ɓawo bai gama fita ba.

"Yanka kake ko guga?" in ji Gwaggo. Ta sunkuya ta shafa sarƙar zarton da babban yatsa, kamar yadda take shafa bakin gatari. "Kai ka ɗaura wannan sarƙar? Ai haƙoran baya suke kallo."

"Haka ake yi in za a fara ɗumama itace."

Aka juya sarƙa. Yanzu kam inji ya ci, garin itace na tashi, Injiniya na waiwaye ko ana kallonsa. Sai dai ta ɓangaren ɗakin Inna ya tsaya, wato inda bishiyar ta kwanta, yana shiga kai tsaye.

"Ba ta nan ba!" Gwaggo ta yi ihu. "Nauyinta duk a nan yake, za ta zauna maka a kai!"

Ina zai ji, ga hular kwano ga ƙarar inji. Da ya kai rabi, mangwaro ya yi wani nishi, ya sunkuya, ya danne zarton kamar ya cije shi. Inji ya mutu. Injiniya ya ja, ya tokare da ƙafa ya ja, ko motsi. Can sama wani reshe ya sunkuyo ya fara gogar rufin Inna.

Dogo ya faɗa ɗakin a guje. "Inna, don Allah ki bari in fitar da ke!"

"Ko nan da ƙofa."

Gwaggo ba ta tsaya surutu ba. Ta sassaƙe gungume biyu, ta yi musu baki, ta buga su cikin tsagar da ƙeyar gatari har bishiyar ta daina sunkuyawa.

"Saura a ɗaura igiya a sama mu riƙe ta ta baya," ta ce. "Dogo, hau."

"Tsaya!" Injiniya ya fizge igiyar. Injin surukinsa na bakin bishiya, kuma sai ya nuna wani abu kafin labari ya fita. "Aikin sama ba na kowa ba ne."

Ya jawo tsani ya jingina, bai ko kula da abin da ke ɗaure a ƙafar tsanin ba. Ya hau, ya zauna a kan reshe, ya sunkuyo zai yi wa na ƙasa bayani. Hular kwano ta zame, ta faɗo ƙwal a gaban hancin Ƙyale-Su. Kare ya zabura ya yi ƙofar gida, tsani ya bi shi, ya daki katanga ya rabe biyu.

"Alhamdulillahi," in ji Gwaggo. "An dai fara samun itace."

Iska ta ɗan kaɗa, mangwaro ya yi ƙara. Injiniya ya rungume reshe da hannu da ƙafa.

"Gwaggo! Gwaggona! Ki tuna ina da iyali!"

"Ka gaisa da bishiyar mana, ko da inji kawai kuke gaisawa?"

"Wayyo, na tuba!"

Sai muryar Inna daga ɗaki: "Dogo, wa ke kuka a sama?"

"Injiniya ne, Inna."

"Mai minti goma? Zo ka fitar da ni in gani."

Wata guda Dogo yana roƙo bai samu ba. Ya sungumi tsohuwar da tabarmarta ya kai ta can nesa, gindin katanga, ya zauna kusa da ita yana dariya yana share hawaye.

"To saurara," Gwaggo ta ɗaga murya tana duban Injiniya. "Rataya igiyar a gwafar da ke saman kanka. Jefo mana ɗaya bakin, ɗayan ka ɗaura a ƙugu."

Haka suka sauko da shi, Gwaggo da Dogo suna sakin igiya kaɗan kaɗan, shi kuma yana lilo a kwance, yana juyawa, hannu ɗaya riƙe da wando, tabarau a haɓa. Ƙyale-Su ya dawo da guntun tsani a bayansa, ya zauna daidai inda zai sauka, yana kaɗa wutsiya.

"Ku mayar da ni sama!"

"A hankali, Dogo," in ji Gwaggo. "Kar ya taɓa rufi."

Kwana biyu cif suka yi suna sauke mangwaron da gatari. Rufin Inna ko kwano ɗaya bai lanƙwashe ba. Zarton surukin ne ya fito a lanƙwashe kamar lauje.

Da aka zo raba itacen, Injiniya ya matso, ya gyara murya.

"A dai tuna wa ya fara hawa. Ni na buɗe aikin nan."

"Gaskiya ne," in ji Inna daga tabarma, tana nuna shi da yatsa. "Gwaggo, a cikin rassan da kuka sauke, wannan na farkon a damin wa za a sa shi?"

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙwanƙwasa hular kwanon da ƙotar gatari, ta kasa kunne.

"Ɗanye ne, Inna. Hayaƙi kawai yake yi. Ko kyauta ba na ɗauka."