Layin Da Ya Bi Ta Kan Rufina

Ko zan manta lambar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin walimar 'yar Hajiya Binta ba, ranar da na hana matan Birmingham zuwa Manchester saboda guguwar da take can tsakiyar teku tana harkar gabanta.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Daga kicin ɗina a unguwar Small Heath ta Birmingham ina gane takun kowa a layinmu. A ɗakin sama akwai Rukayya, 'yar Zariya da ke zaune a wurinmu, tana digiri na uku a jami'ar da ke Edgbaston. Aikinta hasashen guguwar teku: ina za ta bi, yaya ƙarfinta, wane irin ruwa za ta zubar. Lokacin mijina Alhaji ya tafi Kano duba mahaifiyarsa, ni da ita ne kawai a gidan.

Hajiya Binta kuwa aminiyata ce da ke zaune a Manchester, kuma 'yarta ɗaya tilo take aurarwa. Mu matan Birmingham muka ɗauki abincin walima kacokan, aka kama bas guda. Ni ce mai masa.

Ranar Alhamis da la'asar na hau kai wa Rukayya shayi, sai na ji tana magana da malaminta ta kwamfuta. Ban yi laɓe ba, tsayawa kawai na yi shayin ya ɗan huce (ƙarya nake, laɓe na yi). Da ɗan Turancina na tsinci cewa abin yana ƙara ƙarfi, da ruwa mai yawa, da Asabar. Na kuma ji ta ce tsakiyar guguwar shiru ne, ko ganye ba ya motsi. Da ta fita alwala na leƙa. A allon ga wani farin abu a naɗe, da baƙin rami a tsakiyarsa kamar ido, yana juyawa a hankali. Daga jikinsa layuka sun fito birjik kamar an zuba taliya a faranti. Ban kula da sauran ba. Guda ɗaya na gani, ja, ya ratso teku ya bi ta tsakiyar Ingila. Na ɗora yatsa a kai, na ji kamar kan rufina na taɓa.

Da na tambaye ta da an huta, amma tambaya tana nufin in amsa laifin laɓe. Da yamma ta ɗauki jaka ta tafi wani taron masana, sai Asabar za ta dawo. Ni kuwa na fassara tafiyar da cewa gudu ta yi ta bar ni.

Sai na danna waya na yi wa guruf ɗin mata saƙon murya. Dakta Maryam, likita a cikinmu, ta ce ta duba, yayyafi kawai aka ce. Na amsa mata cewa hukuma ba ta faɗa wa talaka irin wannan don kada a firgita, ni daga bakin masu aikin na ji. Ai kuwa masu girki duk suka bi bayana. Kafin Juma'a da hantsi an sallami mai bas.

Juma'ar nan kuwa, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Watan Oktoba ne, amma iska ɗumi kamar numfashin mutum a wuya. Sama ta koma ruwan ɗorawa, rana ja kamar an ɗaura mata tsumma. Da azahar fitilun titi suka kama da kansu. Fararen tsuntsayen teku suka jeru a kan rufin maƙwabta, duk sun fuskanci gefe ɗaya, babu mai kuka. Shanyar da na yi ta tsaya ƙiƙam. Layin da kullum yara ke ihu, sai ƙarar firij ɗina nake ji.

Na fita shagon halal sayen kyandir. Ina tsaye wajen buhunan shinkafa sai na ji wata mata a bayan kantar shagon tana magana da Hausa, murya na rawa, tana cewa jama'a su ji tsoron Allah su zauna a gida. Na san muryar, na kasa tuna mai ita. Na leƙa, wani mutum ne da ban taɓa gani ba, waya a kunne, kyandir cike da kwandonsa. Muryata ce. Kuma (wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa Alhaji ba) maimakon in ji kunya, sai tsorona ya ƙaru. Na ce a raina: to ga shi har a gari ana faɗa.

Na koma na manne tagogi da salatif, na cika bahon wanka da duk wata tukunya da ruwa. Ƙullun masar walima da ya riga ya tashi na soye shi tas, guzurin guguwa.

Asabar da safe gari ya yi tsit. Na tuna maganar tsakiyar guguwa, na ce shi ke nan, muna cikin idon. Na shige ƙarƙashin bene da carbi da kular masa. Can na ji ana taɓa ƙofa a hankali, makulli yana juyawa.

"Anti? Me ya sami tagogin?"

Rukayya ce, da 'yar lemarta a naɗe. Na faɗa mata komai, har laɓen. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta zauna a kan bene ta buɗe kwamfuta, ta ce kowane layi a cikin taliyar nan "mai yiwuwa" ne. Ana sa na'ura ta gwada hanyar sau da yawa, ana ɗan canza iska da zafin ruwa, sai a duba inda mafi yawansu suka taru. Mafi yawan sun lanƙwasa arewa sun mutu a teku, don guguwar ruwan ɗumi take ci, in ta shigo ruwan sanyi sai ta sace. Asabar ɗin da na ji kuwa ta wasu tsibirai ce can nesa.

"To jan layin nan fa, wanda ya bi ta kan rufina?"

"Anti, wannan tun ranar Alhamis ɗin ya ɓace."

Na ce sama fa? Ta ce hayaƙin gobarar daji ne iska ta ɗauko daga wata ƙasa. Tsuntsaye fa? Ta ce ai ranar kwasar shara ce, jira suke.

Na bi matan guruf da waya ɗaya bayan ɗaya, amma babu wadda ta ɗora tukunya. Ni da Rukayya muka ja kuloli biyu muka hau jirgin ƙasa.

Mun shiga hol ɗin ana cin shinkafar da aka sayo a gurguje. A gefen dama ga tebura uku da farin ƙyalle, an rubuta Birmingham, kujeru a jere babu kowa. Hajiya Binta ta taho, ta karɓi kula ɗaya da hannunta.

"Yaya, kin iso? Sannu da hanya. Iska dai ba ta taɓa ku ba ko?"

Na ɗauka iyakarta ke nan. Sai aka kai ni gaida Gwaggon ango, tsohuwa da ta zo daga Kano musamman. Idonta ya yi rauni, amma ashe kunnenta ya fi nawa. Na durƙusa na ce barka da yamma, Gwaggo, an zo lafiya. Ta damƙe wuyan hannuna.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Ke ce. Jiya wuni na yi a kan darduma saboda ke, ko ruwa ban sha ba."

Ta lalubo wayarta ta danna, daidai lokacin da aka yi shiru ana jiran addu'a. Muryata ta cika hol ɗin: "Jama'a, na gani da idona. Duk wadda za ta hau hanyar Manchester ranar Asabar, ta yafe wa 'ya'yanta tukuna." Ina durƙushe, hannuna a nata, babu wurin gudu. Ta taga ina hango yayyafin Dakta Maryam yana sauka siriri, ko mayafi ba zai jiƙa ba.

Hajiya Binta ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Da aka zo sunan jikarta ta kira ni ta ce in kawo masa, amma Rukayya ce za ta riƙe mini waya har a tashi.

Daga baya na lura duk maganar Rukayya da "mai yiwuwa" take farawa. Kunnen nan nawa da nake taƙama da shi ya kwashe komai ta bayan ƙofa, wannan kalma kaɗai ya bari, kuma ashe ita ce karatun gaba ɗaya. Yanzu in na ga layi ya nufo rufina, sai na duba sauran tukuna. Tabon salatif ɗin kuwa yana nan a tagar kicin, na goge na gaji, kullum ina wanke-wanke yana kallona.