Yadda Za Ki Sayar da Kifi Mai Ƙusumbi Ba Tare da An Kore Ki Ba

'Yar'uwa, in kina aiki a gonar ƙyanƙyasar kifi kuma tarwaɗarki ta fito a lanƙwashe kamar lauje, share hawayenki. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Wata ƙawata ce ta gwada, ba ni ba.

1. Ki fara da tausayi

Ƙawar tawa ta taɓa ruwan bahon ƙwai da safe, ta ji sanyi, ta ce, "Wayyo, bayin Allah!" Sai ta tuttula musu ruwan zafin filas ɗinta. Ba ta san ƙwan kifi ba ya son ruwa ya sauya masa farat ɗaya ba. Rabinsu suka ƙyanƙyashe da doro.

2. Ki ce za su miƙe

Haka ta ce wa mai gona, kanta a sunkuye. Wata huɗu yana zuba musu abinci buhu-buhu. Ki sani, bayan kifi ne ke karkacewa, cikinsa lafiya lau. Da ya ga doron ne kawai ke girma, ya ce, "'Yar nan, ko kifin nan ya bar gonata cikin mako guda, ko ke ki bar ta."

3. Kada ki bar ruwa ya kwanta

Mai saye na shigowa, ki tsoma hannu ki yi ta juya ruwan. Kifin da ke gudu ba a ganin ƙusumbinsa. Masana sun tabbatar, ko da yake ban san su ba.

4. In an gani, ki ce tarbiyya ce

Wani dillali ya ɗaga ɗaya ta wutsiya, ya ce, "Malama, wannan fa?"

"Rusunawa yake, Alhaji. Yana gaishe ka."

"To ina amsawa. A gaida iyayensa."

Ya tsoma shi a ruwa, ya yi gaba. Wannan mataki bai cika aiki ba, amma ana rabuwa da mutunci.

5. Ki nemi wadda karkata ke wa amfani

Ana saura kwana ɗaya sai ga wata tsohuwa mai bandar kifi. Sana'arta kenan: ta naɗe kifi, wutsiya a baki, ta soke da tsinke, ta ɗora a wuta. Yatsunta duk sun gaji da kokawa da miƙaƙƙu.

Ta leƙa tanki, ta riƙe baki. "Wa ya naɗe mini waɗannan?"

"Ni ce, Inna," in ji ƙawata, murya kamar ta sauro.

"Allah ya yi miki albarka! A kwashe mini duka. Na gaba ma irinsu nake so."

6. Kada ki bari a yabe ki

Nan ne ƙawata ta yi sake. Mai gona ya fara kiranta Injiniya, ya saya mata sabon filas, ya ce ta maimaita. Ta tuttula ruwan zafi yadda ta yi da farko, har da "wayyo" ɗin. Kifi suka fito samɓal kamar sandar makaho, ko ɗaya bai rusuna ba.

Yanzu an ba ta mako guda ta lanƙwasa su.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ki, ke da mai gonarki ne, ban san ki ba, ba ki san ni ba. Amma in kin san yadda ake sa kifi ya yi doro, don Allah ki neme ni kafin jibi. Ƙawata ce ke tambaya.