Keken da Ya Fi Kowanne Sheƙi a Dutsen Ɗa'ifa

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na hau dutsen Ɗa'ifa ba. Ko na so in manta, mazaunaina ba za su bari ba.

Ni dillalin kekuna ne a Jidda. A unguwar Karantina aka haife ni, da facin taya na fara a bakin titi, har Allah ya ba ni shago a Hindawiyya. Sirrin sana'ata abu ɗaya ne da na koya a haraj, kasuwar gwanjo: ido ke saye kafin aljihu. Duk keken da ya shigo hannuna, komai tsufansa, sai na feshe shi da man sheƙi tun daga kai har taya. Ba a taɓa dawo min da kaya ba. Jidda shimfiɗe take kamar faranti, in birki ya yi gardama sai ka sa ƙafa a ƙasa, shi ke nan.

Wata rana Kaftin Faisal ya shigo shagona. Shi ne shugaban wata ƙungiyar mahaya keken dutse, yawancinsu likitoci da injiniyoyi. Ya ce suna shirin zuwa Turai, za su bi wata hanya da ta taso daga Suwizalan ta faɗa Italiya ta kan duwatsun Alps, kwana da kwanaki ana hawa ana gangarawa, ƙanƙara a sama, rami a gefe. Suna neman dillali ɗaya da zai riƙa kawo musu kaya, ya kuma bi su can ya kula da kekunan. Irin cinikin da mutum ke jira tsawon rayuwarsa ke nan.

"Mu'allim," ya ce, yadda ake kiran mai sana'a a nan, "ka san keken dutse kuwa?"

"Kaftin, a kan keke na yi haƙori," na ce. (Ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, tudu mafi tsawo da na taɓa hawa gadar sama ce.)

"Halas, magana ta ƙare. Juma'a muna atisaye a Ɗa'ifa. Zo da naka mu gani."

Na zaɓi keken da ya fi tsada a shagon, mai birkin faifai, wato ƙarfen nan zagayayye da ke tsakiyar ƙafa. Na feshe shi tas. Faifan ne na ga bai yi min haske ba, na ƙara masa sau biyu, na goge har ina ganin gemuna a ciki.

Abokina Mamman, mutumin Maraɗi mai motar ɗaukar kaya, wanda ke kira na Patron, wato maigida, shi ya kai ni. Da na tuɓe jallabiya ya ga wandon robar da na matse a ciki, sai da ya kama sitiyari don dariya.

"Patron, kai da ke haki a matakalar masallaci, kai ne za ka hau wannan dutsen?"

"Ja bakinka ka biyo mu a baya."

Hawan dai na sha da ƙyar. Duk inda numfashi ya ƙare sai in sauka in tsuguna ina taɓa sarƙa, kamar mai nazari. Mutanen Kaftin suka riƙa cewa, "Ka ga ƙwararre, da kunne yake jin keke."

Sai aka juyo gangara.

Na matsa birki. Ya yi kuka kamar akuyar da aka taka wa wuya, keken kuwa ko a jikinsa. Na matsa da hannu biyu. Sai ma ya ƙara wuta. Na wuce injiniyoyi, na wuce likitoci, na wuce Kaftin kansa, na jiyo shi yana ihu, "Masha Allah! Ku dubi yadda ake shiga kwana ba a taɓa birki!" Ni kuwa kalmar shahada nake, ina haɗawa da addu'ar cin abinci don ruɗewa. Na gwada dabarar Jidda, na sa ƙafa a ƙasa. Takalmin ya yi nasa wuri, har yau bai dawo ba.

A kwana ta gaba rami ne a hagu, a dama kuma gonar barshumi, itacen nan mai faffaɗan ganye da ƙaya kamar allura. Ɗan kasuwa ya san ƙaramar asara. Na zaɓi dama, na sauka a zaune.

Kafin mutane su iso birai sun riga su. Suka jeru a kan dutse suna kallona, wani ƙato ya sauko a natse ya zare ayabar da ke aljihun bayana. Ko korar sa ban iya ba.

Kaftin ya tabbatar ban karye ba, sannan ya ɗaga keken. Ya shafa faifan da yatsa, ya shinshina.

"Mu'allim, wa ya zuba mai a birki?"

Ina cikin laluben wanda zan ɗora wa a kamfanin da ya ƙera keken, sai ga Mamman ya faka, ya fito da gudu yana ɗaga gwangwani.

"Patron, ka manta manka a mota! Ba ka ce in an sauka za ka feshe musu nasu kyauta ba?"

Wallahi ban taɓa ganin manyan mutane sun rungume dukiyarsu lokaci ɗaya haka ba. Kowa ya ja kekensa baya, wani likita har ya ɓoye nasa a bayan dutse.

A bayan motar Mamman na dawo Jidda, rub da ciki, ni da keken muna sheƙi. Matata ta yini da hantsaki tana cire ƙaya, duk wadda ta zaro sai ta ce, "Wannan Suwizalan ce ko Italiya?"

Cinikin dai, wani dillalin ne ya samu. Sun je, sun tsallaka iyakarsu lafiya, har Kaftin ya turo min hotonsu a cikin ƙanƙara. Yana zuwa shagona jefi-jefi sayen ƙananan kaya, amma daga bakin ƙofa yake cewa, "Mu'allim, ba ni wanda ba ka goge ba."

Man sheƙi ban daina ba, shi ke ciyar da gidana. Abin da na ƙara a sana'a tambaya ɗaya ce kafin in fesa: "Malam, inda za ka akwai gangara?" In ya ce akwai, sai in ajiye gwangwanin, in gyara zama a hankali.