Yadda Dakta Zailani Ya Buɗe Bakin Teema

Duk faɗin unguwarmu ta Dagenham, nan ƙasar Turawa, babu mai ilimin Dakta Zailani Maje. Kwas ɗin sati uku ya yi a intanet ya fito Dakta, wa ya isa ya tambaya? Mu dai Sarkin Makirfo muke ce masa a bayan idonsa, don ko a taron suna ya miƙe, sai tuwo ya huce.

Ƙanwarsa Muhibbat tana da 'ya, Teema, mai lalurar galahanga. Shekararta shida ba ta taɓa furta kalma ba. Wata takwas uwar ta yi tana jiran layi a wata gonar dawaki da ake kai irin waɗannan yara. Dokar wurin ɗaya ce: a ɗora yaro a doki, manya su kama bakinsu, doki ba ya ɗaga ƙafa sai yaron ya nemi a tafi. Sati biyar Teema da hannu take taɓa wuyan dokin in tana so a tafi. Malamar wurin ta ce baki ya kusa buɗewa.

Da Dakta ya ji, sai ya sha babbar riga ya zo duba aiki.

"Yaya, don Allah," in ji Muhibbat, "minti ashirin kacal aka yi mana booking. Shiru ake so."

"Ni za ki koya wa communication?"

Ya tsaya ƙerere gaban doki. "Teema, gai da kawunki. Ɗan Hausa da gaisuwa yake fara magana. Abin da Turawa suka kasa ganewa ke nan." Daga nan ya shiga bayani kashi bakwai. Malamar ta ɗora yatsa a leɓe, ya ɗauka jinjina ce. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Teema ta toshe kunnuwa. Saura minti uku, Muhibbat ta ji kamar ta fashe da kuka.

Ana kashi na huɗu yarinyar ta sunkuya kan wuyan doki ta ce, "Go!"

Doki ya kewaye Dakta ya yi gaba. Muhibbat ta durƙusa cikin yashi tana hamdala, tana kuka, tana dariya.

Kafin la'asar Dakta ya baza wa duk wani group cewa jawabinsa ne ya buɗe bakin Teema. Kuma wallahi bai yi ƙarya ba. Shekara shida yarinyar ba ta ga abin da ya kai ta yi magana ba, sai ranar da ta nemi hanyar tsere masa.