Rawar Kawu Wirot a Gaban Uwar Kasuwa

"Ni fa in na kalli goshin yaro sau ɗaya, na san jami'ar da za ta ɗauke shi," in ji Kawu Wirot. "Lissafi ne kawai. Wanda bai iya ba shi ke cewa sa'a."

Haka yake faɗa kullum a bakin rumfata, yana ɗanɗana min romon taliya ba tare da na roƙe shi ba. Aboki, bari in nuna maka mutumin. Wirot mai sayar da tikitin caca ne a kasuwarmu ta Nakhon Sawan, gajere, tumbi a gaba, akwatin katako rataye a wuya. Shekara da shekaru yana zaɓa wa mutane lambar sa'a, har yau ba wanda ya ci ko kuɗin lemon kwalba a hannunsa. Mu kuwa Farfesa Cikin-Ɗari muke ce masa, don ko hadari ya haɗu ba zai ce za a yi ruwa ba sai ya faɗi kashi nawa cikin ɗari.

'Yarsa Fon tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinya mai shiru da ƙwaƙwalwa. Karatun likita take so a babbar jami'ar Bangkok, inda cikin yara arba'in ake ɗaukar ɗaya, sauran su koma gida su ci shinkafa da hawaye. Tun tana ƙarama burinta ke nan, ba ta da na biyu. Ina ƙaunar yarinyar nan, shi ya sa tun ranar da na ji uban ya sa hannu gabana ya faɗi.

"Ita kaɗai, kashi goma," ya ce min. "Da ni a bayanta, casa'in da tara. Ɗayan da ya rage na bar wa Uwar Kasuwa, iskar nan mai tsaron mu, don ladabi."

Zagayen farko na ɗaukar ɗalibai, hotuna ake turawa na ayyukan alherin da yaro ya yi. Wirot ya ce wannan ai sana'arsa ce. Ya kwashi Fon zuwa bakin kogi sakin kifi, zuwa haikali ciyar da karnuka, zuwa asibiti tura keken tsofaffi. Duk inda aka je sai ya miƙa wa wani mai wucewa waya, ya gyara riga, ya tsaya a tsakiya. Na ga hotunan da idona. A na kifi gwiwar hannun Fon ce ta fito. A na karnuka ƙeyarta. A na asibiti kuwa ba ta fito ba sam, sai shi da wani tsoho mai kallonsa cikin tsoro.

Jami'a ta ce ta gode, amma ba ta ɗauka ba.

"Hassada ce," in ji Farfesa. "Amma yanzu sun san fuskar gidanmu. Kashi tamanin."

Zagaye na biyu makin Fon ya isa a kira ta ganawa da malamai. Iyaye a waje suke zama, kowa ya sani. Wirot ya aro kwat ɗin surukinsa, ya riƙe mata gorar ruwa, ya bi bayanta har cikin ɗaki kamar inuwa.

"Me ya sa kike son zama likita?" wata malama mai tabarau ta tambaye ta.

"Tun tana goye," in ji Wirot, "in na yi tari sai ta fashe da kuka."

"Baba, don Allah..."

"Yi shiru, ana tambayarki."

Ya amsa tambaya ta biyu, ya fara ta uku, har ya buɗe aljihu zai ba malamar lambar sa'ar wata. Masu gadi biyu suka raka shi waje cikin girmamawa, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

Da suka dawo, matarsa Inna Lamai ba ta yi faɗa ba. Kayan Fon ta haɗa, ta sa ta a mota zuwa gidan ƙanwarta da ke ƙauye, ta ce ta zauna can ta yi karatun babbar jarrabawa, wadda ita ce ƙofar ƙarshe.

"Baban Fon," ta ce, "in ka taka garin nan, ni da kai a rumfar mai nama za mu ƙare."

Kasuwa ta samu abin yi. Mai kifi ya ce a zo a ɗauke shi hoto, mai kwakwa ya ce yana neman wanda zai amsa masa tambayar surukarsa. Wirot ya rame, tumbin dai yana nan. Wata safiya ya zauna a bencina ya rage murya.

"Yaya Sunee, tsakanina da ke, ba ni a kusa, yarinyar nan kashi uku gare ta."

"To ka yi mata fatan alheri mana."

"Zan yi abin da ya fi fata. Ki zuba ido."

A tsakiyar kasuwa ɗakin Uwar Kasuwa yake, iskar da ke tsaron mu, da furanninta da jajayen lemukan kwalba da ake ajiye mata. Lokacin jarrabawa iyaye cika wurin suke da bakance: in ɗana ya ci zan kawo dafaffen ƙwai, in 'yata ta shiga zan yi hayar 'yan rawa. Wirot ya jira sai da wuri ya cika, ya kunna turare, ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda mai kwakwa zai ji.

"Uwa, in Fon ta shiga, ni Wirot zan yi miki rawa da ƙafafuna, ba haya ba. Da zanen siliki, da doguwar hula, da faratan tagulla, ranar cin kasuwa."

Kaka Thongbai, tsohuwar da ke kula da ɗakin, ta gyaɗa kai ta ce, "Ta ji."

Da ya dawo na ce, "Kai, Farfesa, ka san abin da ka ɗauko?"

"Yaya, alkawarin da ba za a cika ba ai da girma ake yin sa. Kashi uku fa. Na sayi suna a banza."

Baki shi ke yanka wuya. Sakamako ya fito, Fon ta shiga. Na yi kuka a cikin romona, ba na ɓoyewa. Wirot kuwa ya zagaya kasuwa yana dukan ƙirji yana cewa dama tura ta ƙauye dabararsa ce, sai da ya yi kiciɓis da Kaka Thongbai riƙe da zanen siliki kore.

"Na auna da ido," ta ce. "Zai zagaye ka in ka riƙe numfashi."

"Kaka, a karɓi ƙwai mana. Kwando guda."

"Rawa ka ce."

"To in yi hayar ƙwararru. Uwa ta fi son gwaninta."

"Da ƙafafunka ka ce. Har mai kwakwa ya ji."

"Baban Fon," in ji Inna Lamai daga bayansa, "yarinyar nan ba ta yi rajista ba tukuna. Uwa ta kan karɓe abin da ta bayar. In kujerar nan ta suɓuce saboda kai, ka nemi wani gida."

Ranar cin kasuwa ba rumfar da ta buɗe. Aka shafa masa hoda, aka ɗora masa hula mai tsini, aka zura masa faratan tagulla. Kaka ta kunna turare ta ce in bai mutu ba har ƙarshen kiɗa, Uwa ta karɓa. Kiɗa ya tashi. Da farko tafiyar agwagwa yake yi, ido a ƙasa. Amma da ya ji mutane sun fara tafi don tausayi, sai tsohon ciwon ya motsa.

"Ku matsa," ya ce. "Wannan juyin ko a Bangkok ba a iya shi ba."

Ya juya. Zane ya kwance, hula ta rufe ido, ya tafi da baya ya zauna daram a kan teburin Uwa. Turare ya mutu a cikin jan lemo, ƙwai na gangarawa ta tsakanin ƙafafun jama'a. Fon, da ta dawo daga ƙauye, ta ɗaga waya ta ɗauke shi. Shi ne hoto na farko da Wirot ya cancanci tsakiyarsa.

Kaka Thongbai ta ɗauki turaren ta duba shi da kyau. "Ba ta karɓa ba. Sai kasuwa mai zuwa."

"Sau nawa zan yi, Kaka?"

"Har ta karɓa."

Ya juyo wurin 'yarsa, hoda na zuba daga gashin baki. "'Yar Baba, ke ce mai ilimi yanzu. Kina ganin za ta karɓa?"

Fon ta kalli goshinsa sau ɗaya.

"Kashi uku, Baba," ta ce. "Amma kar ka damu. In na gama karatu ni zan duba maka ƙugu."