Ranar da Na Turara Kaina a Cheras

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Cheras ba, ina da cikin fari wata bakwai. Maigidana yana karatun digirinsa na uku a Kuala Lumpur, ni kuwa aikina zaman gida da cin mangwaro. A wajen awo likitata, wata 'yar Malesiya mai fara'a, ta ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa a jinina, kuma ƙashin jariri yana buƙatarsa. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in riƙa shan rana kaɗan da safe.

Dariya ta kusa ƙwace mini. Ni Bakanuwa, a ce rana ta yi mini ƙaranci? (Gaskiyar ita ce shekara biyu ina yawo da lema don kar in yi baƙi kafin mu koma gida.) Na so in tambaye ta yadda mai hijabi take shan rana, sai girman kai ya hana ni. Na gyaɗa kai kamar wadda ta san komai.

Kwana shida ban fita ba. A na bakwai tsoro ya kama ni, na ga ina cutar ɗan da bai zo duniya ba. Sai na yanke shawarar rama duka a zama ɗaya, kamar mai ramuwar azumi. Da azahar na sauka gefen kwamin wanka na gidajenmu, inda Turawa suke shanya kansu. Na zumbula baƙin hijabi har ƙasa, na sa safa, na miƙe a kujera. Ko ruwan sha ban ɗauko ba.

Zafin Kano yana busar da gumi. Na garin nan sai ya jiƙa mutum ya bar shi a jiƙe. Tun ina ƙirga mintuna har na daina gane agogo. Na tashi zan koma, ƙasa ta juya.

Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da kowa yake kira Mak Cik, tana ɗura mini ruwan kwakwa. Wata Baturiya tana yi mini fifita da mujalla, masu gadi biyu suna tsaye. Duk ban damu da su ba, domin na dafa cikina na ji shiru. Yaron da yake hana ni sakat da shure-shure ya yi lamo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Mak Cik ta garzaya da ni asibiti, maigidana ya same mu a can, ya baro taro da malaminsa. Aka shafa mini man nan mai sanyi a ciki, aka ɗora na'urar hoto. Sai ga bugun zuciya, fat-fat-fat, da ƙarfinsa. Har da shuri ya ƙara mini. Na fashe da kuka.

Bayan hankali ya kwanta likita ta tambaye ni me na sa a jikina. Mak Cik ta ɗaga hijabin, yana ɗigar gumi, gaban ma'aikatan jinya uku.

"Madam, rana sai ta taɓa fata lah," in ji likita, da "lah" ɗin da 'yan Malesiya suke ƙare zance da shi. "Wannan zafi kawai kika sha, kuma zafi shi ne hatsarin ga mai ciki."

Maigidana ya sunkuyo ya ce a hankali, "Wato Hajiya, dambu kika je turarawa."

Na so ƙasa ta tsage. Amma a wannan karon na buɗe baki na yi tambaya. Ta ce da sassafe, ɗan lokaci kaɗan, hannu da ƙafa a buɗe, ruwa a kusa, in na ji zafi in koma inuwa, ƙwayoyin kuma kar in yi wasa da su.

Washegari na ɗaura igiya a barandarmu, na rataya zannuwan atamfa uku suka zama labule. Ba mai ganina, rana kuma tana sauka ta sama. Da labari ya bazu, matan 'yan'uwanmu ɗalibai suka fara yi mini tsiya. Kafin wata ya ƙare, uku daga cikinsu suna zuwa shan rana a barandar da kofunan shayinsu, don ashe su ma an faɗa musu, kunya ce ta hana su magana. Awon ƙarshe likita ta duba takarda ta ce, "Boleh," wato madalla a yarensu, "yanzu ya yi." Na haifi ɗana lafiya lau, ƙato, mai ƙarfin ƙafa.

Tun daga nan, duk likitan da ya ce mini "akwai tambaya?" sai ya gyara zama. Gara a ce na cika surutu da a sake kwaso ni a bakin ruwa.